Bilki Ta Talabijin

Amatullahi tana ajin farko na sakandare ta fara jin sunan Bilki Ta Talabijin. Kakarta ce ta ambace shi tana tsintar wake a tsakar gida, ta ce ai su ma a danginsu akwai wadda duk ƙasar Sakkwato ta taɓa gani a cikin akwati, wato ƙanwarta da ke aure a Gatawa. Amatullahi ta ɗauka wata ƙasaitacciyar 'yar wasan kwaikwayo ce. Sai da 'yan bindiga suka tashi garin, matar ta iso gidansu a Sabon Birni da ƙunshin tufa a ka, sannan ta gan ta: tsohuwa siririya mai tsagen Gobir, wadda daddawa take yi ta sayar.

Da yake Amatullahi ce mai zama wurin tsofaffi tana kwasar labarin dangi, ita Bilki ta ba wa nata. Tana goyon fari wata mota ta zo daga birni da mutanen gidan talabijin, suna shirin wayar da kan mata a kan gudawar yara. Mai gari ya turo su gidan mijinta Is'haƙa, don yaronta ba shi da lafiya. Suka shimfiɗa mata tabarma, surukanta na tsaye, suka ce ta riƙe shi. Suka ɗauka, suka ba ta sabulu, suka tafi. Kafin a yanke gero yaron ya koma.

Babu talabijin a Gatawa a wancan zamani. Yero, ƙanen mijinta, shi ya ga shirin a gidan kallo na garin Isa, ya dawo yana shelar matarsu ta zama ta talabijin. Sunan ya manne. Mata suka riƙa kiranta wankan jarirai, suna cewa wadda hukuma ta zaɓa ta nuna wa duniya ai ta san hannunta. Bilki ta riƙe wannan girma har tsufa. Amma abin da ta gaya wa Amatullahi daban ne. Yaron ɗan fari ne, kuma a gidan da ta tashi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta tsura masa ido a gaban mutane. Ta kiyaye wannan kunya har aka binne shi.

"Ban san huskatai ba yanzu," in ji ta. "Ina rumtse ido in nema, babu. Da za ni gane shi ko sau guda."

Musbahu, yayan Amatullahi, tura finafinai yake yi a waya a bakin kasuwa. Da ta matsa masa, ya bi abokan sana'arsa har aka samo tsofaffin shirye-shiryen a wurin wani mutum a Sakkwato. Amatullahi ta so a fara kai wa tsohuwar ita kaɗai. Musbahu ya ce abin alfahari ba a ɓoye shi, a bari sai ranar sunan 'yarsa, dangi sun taru.

Bayan la'asar aka fito da talabijin tsakar gida. Aka zaunar da Bilki a gaba, jaririyar a cinyarta. Yero, wanda shi ma gudun hijira ya kawo shi, ya jawo kujera yana gaya wa matasa yau za su ga aiki, ba shirmen da suke kallo a waya ba.

Hoton yana rawa, kalarsa ta koɗe. Aka yi ta kiɗa. Wani mutum mai faffaɗar kwala ya zauna bayan tebur yana bayani har 'yan mata suka fara hamma.

"Baba Yero, wanga na aikin?" in ji Basira, matar Musbahu. "Mutum guda ya tsare mu kamar mai wa'azin azumi?"

Sai aka nuna wata mata a gidan siminti tana wanke hannu, tana yi wa ɗanta dariya, murya tana cewa ga uwa mai wayewa. Hoton ya juya. Ga tabarma, ga danga, ga yarinya mai tsage ta riƙe yaro a bakin gwiwa, ta kau da kai gefe.

"Ga kuma uwa jahila," in ji muryar. "Ku dubi ƙuda a idon yaron. Ku dubi kwanon da yake sha. Ɗanta na mutuwa a hannunta, ko kallonsa ba ta yi. Kada ki zama irin wannan."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya daga baya, sauran suka bi. Yero ya fi kowa, har yana share ido da hula.

"Yero, kai ka san haka anka ce?" in ji kakar Amatullahi.

"Tun a Isa na ji shi da kunnena. To mi za ni ce in na komo gida? Matarmu Ta Ƙuda? Ai gata ni yi mata. Ta ci goron wankan jego da sunan da ni raɗa mata, ko tukuici ban gani ba."

"Ɗan fari na, gaban surukai," in ji kakar. "Wa ka kallon ɗan fari?"

"Kunyar da ka kashe ɗiya, Allah shi raba mu da ita," in ji uwar Basira. Ta taso, ta ɗauke jikarta daga cinyar Bilki, ta ce iska ta yi yawa, ta shige ɗaki da ita.

Bilki ta miƙa wuya wajen akwatin, amma fuskar yaron ɗan ƙyaftawar ido aka nuna, aka koma kan mai kwala. Matasa suka ce a maimaita wurin uwa jahila. Musbahu ya maimaita, har ya tura wa masu so a wayoyinsu.

Kafin mako ya zagayo, in ta fita da faifan daddawa, yaran unguwa sai su bi ta suna kwaikwayon muryar: kada ki zama irin wannan. Masu saye suka fara ɗaga daddawar suna dubawa. Aka yi haihuwa a maƙwabta, ba a aiko mata ba. Amatullahi ta daina haɗa ido da ita, don ita ta nemo abin.

Wata safiya, mutanen gida sun watse, Bilki ta leƙo ɗakin Amatullahi, ta shigo, ta saki labule. Ta zauna a ƙasa ta goge idanunta da bakin zane.

"'Yar nan, abin nan yana cikin wayakki?"

"Yana ciki, Inna. Yanzu za ni goge shi."

"Kar ki goge. Kashe muryar mutumin, ki kai min wurin da yaron yake, ki tsai da shi nan. Surukaina duk sun mutu, babu mai ganina." Ta matso, ta riƙe hannun Amatullahi da wayar tare. "In ya hito, ki kira min sunanai, Lau... ke kin san shi. Ni bakina bai saba ba."