Mu Bakwai a Asusun Banki

Ƙarfe goma da kwata na safe, ranar Laraba, a rumfar mai POS da ke bakin tashar Ƙofa. Mu uku ne a wurin: ni, da mai rumfar, da wani sa'ana kuma takwarana mai sayar da tumatir. Na zo cirar kuɗin taki ne, domin ruwa ya riga ya zauna, masarata ta fito.

Mai rumfar ya sa katina sau biyu, ya duba wayarsa, ya ce, "Baba, an rufe asusunka."

Takwarana ya kwashe da dariya. "Me ka sata, takwara?" Ya miƙa nasa katin. Shi ma a rufe. 

Bari in jera yadda abin ya faru. Na farko, bankin namu ba shi da gini, a waya yake. Kwana uku kafin nan sun turo saƙo cewa za su kwashe duk asusun mutane daga tsohuwar na'urarsu zuwa sabuwa, mai sauri, wadda ba a yi mata wayo. Na biyu, shekarar da aka haife mu wani malami ya sauka garinmu yana karantarwa, iyayenmu suka ji daɗin zama da shi, aka sa wa yara maza bakwai sunansa. Na uku, da aka kai mu firamare, hedimasta ya rubuta wa kowa sunan gari a matsayin suna na biyu, kamar yadda ake yi a lokacin. Na huɗu, babu wanda ya san ranar haihuwarsa, duk aka rubuta mana ɗaya ga Janairu. Adireshi kuwa, kowa kusa da masallacin Juma'a yake. Kuma duk a wannan rumfa aka buɗe mana asusu.

Tsohuwar na'ura ta yi shekaru tana zaune da mu lafiya. Sabuwar tana zuwa ta ce mutum ɗaya ne ya buɗe asusu bakwai don damfara.

Mai rumfar ya kira bankin, ya buɗe murya kowa na ji. Wata mata ce ta ɗauka, mai ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta ce hanya mafi sauƙi ita ce kowannenmu ya je kotu ya yi rantsuwar canza suna, a gyara katin ɗan ƙasa, sannan a buɗe. In ba haka ba, sai a jira bincike, kuma ba ta san ranar gamawa ba.

Na ce, "Hajiya, ranar rajista yatsuna goma aka ɗauka. Ku duba su."

Ta ce ba a gama haɗa wannan ɓangaren da sabuwar na'ura ba tukuna.

Na ce, "To ku gama. Ku kuka canza na'ura, ni ban canza uba ba."

Takwarana ya ja ni gefe. "Kai dai ka cika taurin kai tun muna 'yan aji ɗaya. Ni ko Tumatir za su kira ni, na yarda, in dai hannuna zai taɓa kuɗina."

Cikin mako biyu su shida sun je kotu a Bebeji. Wani ya ƙara sunan mahaifinsa, wani na kakansa, aka buɗe musu. Ban zarge su ba. Amma ni sunan nan mahaifina ne ya raɗa min a kunne, ya yanka rago a kansa. Da shi aka ɗaura min aure, da shi 'ya'yana suka yi makaranta. Ba zan tsaya gaban alƙali in rantse na sauya shi don na'urar wasu ta ji daɗin aiki ba. Na yi zaton da na rage ni kaɗai za a buɗe. Aka ce a'a, tunda an sa min alama, sai bincike ya iso kaina.

Na sayar da awaki biyu na sayi buhun taki ɗaya. Sauran gonar na zuba mata kashin shanu daga rugar da ke bayan gari. Rabin masarar ta yi kyau, rabin ta yi ja. Kowace Laraba nakan kira su, in faɗi sunana yadda yake. Har yau a rufe.

Kai mai karatu, in kana aiki a irin wannan banki, ko kana da ɗa ko 'ya a can, ka kai musu wannan takarda. Ka ce kafin su sake kwashe mutane zuwa wata na'ura, su turo mutum guda ya zauna da mu wuni ɗaya, ya tambayi yadda muke raɗa suna. Sannan su duba yatsuna.