Karan da Baffa Ya Auna Ƙofar Zaure

Ina kasuwar Bafarawa ina sayen man inji aka bugo mini waya cewa Baffa ya cika. Na zauna bakin rumfa da galan a hannu.

Bara, da ɓarayin daji suka kore mana shanun huɗa, maƙwabta da yawa suka bar gonakinsu. Baffa ya ce shi ba inda za shi. Ya karya karan dawa daidai faɗin ƙofar zaurenmu, muka tafi Sakkwato da shi.

Mai sayar da tarakta ya nuna mana wata babba. Baffa ya gwada karan a tsakanin tayoyinta, ya girgiza kai.

"Alhaji, wannan ta fi ƙarfi," in ji mutumin.

"Yaro, wadda za ta kwana cikin gida nike so. Ɓarawon da ke son ta ya shigo ya iske ni."

Muka ɗauki ƙarama mai taya biyu, da garma da amalanke. Haro na farfasa ƙasa kuwa, Baffa ya ce a bar shi, ƙasarmu jigawa ce. Har yau ina jin warin mai a rigarsa, ina jin dariyarsa ranar da kunyar farko ta fito a karkace.

Yanzu dangi na cewa in sayar da taraktar mu koma Sabon Birni. Ba ni sayarwa. Ana gama addu'ar bakwai za ni fita da ita. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya ba mu ikon tsayawa inda ya tsaya.

Gonar bakin rafi rabinta kawai ya huɗe.