Kaka Ba Ta Tatsuniya da Rana

Shekarar da ruwa ya karya gadar garinmu, har motocin Katsina suka riƙa tsayawa a bakin gulbi, ita ce shekarar da gwamnati ta buɗe mana sakandare ta jeka-ka-dawo. A kan jakuna aka ƙetaro da kwanon rufin azuzuwan, mu yara muna bin su a baya. Ni ban shige ta ba. Ko firamare aji biyu na yi, Baba ya cire ni don shanun huɗa ba su da mai kiwo. Ɗan baffana Lawal shi ne ya sa farar riga ya tafi.

A lokacin, in an idar da isha'i, yaran gidanmu da na maƙwabta a ƙofar ɗakin Kaka muke taruwa. Takan tura karan dawa a murhu, ta binne gyaɗa cikin toka, ta miƙe ƙafafu. Ni maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika.

"Matso, maigida. Cefane dai ba ka kawo ba, ka kawo kunne."

Akwai wadda take yawan yi mana, ta wani gari da ba su san ƙyastu ba. Kullum da safe mata sukan fita da kasko su ɗebo wuta a gidan maƙwabta. Wata rana da damina kowace mace ta gaji, ta ce a ranta, me zai sa in wahala da binne garwashi, maƙwabciyata na nan. Gari ya waye duk suka fito da kasko a hannu, suka yi kiciɓis a tsakar hanya, wannan na kallon wannan. Mu nan muke fashewa da dariya, don Kaka takan kwaikwayi yadda suke leƙen kaskon juna. Ita kuwa ba ta dariya, sai ta tono gyaɗa ta raba mana.

Da aka sa wa makarantar janareto, manyanmu suka koma can karatun dare, ƙanana suka bi su kallon fitila. Wasu dararen daga ni sai ita, kuma ba ta taɓa rage mini ko waƙa ɗaya daga cikin labari ba.

Wata rana da hantsi malamin Hausa na makarantar, Malam Isiyaku, ya yi sallama da ɗalibai biye da shi, kowa da biro. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi jiki, ya tambayi damina, sannan ya ce sun zo ne ta yi musu tatsuniyoyi su rubuta.

"Yanzu, Malam? Rana tsaka?" in ji Kaka. "So kake ɗiyan mutane su riƙa ɓacewa a kasuwa, a ce ni na ja musu?"

"Iya, ai wannan camfi ne."

"To ni da camfin na tsufa. Ku dawo bayan isha'i, ga tabarma, ga gyaɗa."

Abin da ba zai yiwu ba ke nan. Yawancin ɗaliban daga ƙauyuka suke, dole su kama hanya kafin magariba. Shi kansa Malam a Katsina yake kwana, motar la'asar yake bi. Ya ce zai dawo in an yi hutu. Kafin hutun aka yi masa canjin wurin aiki. Lawal ya ce kada a damu, ai ni Audu na haddace su kaf. Ni kuma na ga ga mai biro a gida, sai hankalina ya kwanta. Bayan damina uku Kaka ta rasu.

Yanzu a Katsina nake zaune, unguwar Ƙofar Sauri, ina ɗinkin buhu a Babbar Kasuwa, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. A hankali hannuna ya saba. Da na ga ina iya haɗa jimla, na tafi gidan Lawal, wanda ya yi ritaya daga aikin gwamnati, na ce ya ba ni abin da ya rubuta na Kaka in kwafa. Ya dube ni ya ce:

"Ni da nake shirin zuwa wajenka, Audu."

A nan na gane dalilin da ba ta dariya. Ban ga laifin makarantar ba, ta fitar da malaman asibiti da masu koyarwa daga garinmu. Ban ga laifin Kaka ba, abin da ta tarar ta riƙe. Kowa dai ya kwanta da yaƙinin wani ya binne garwashi.

Mun zauna ni da Lawal mun haɗa abin da ya rage. Mun tuno kanun tatsuniyoyinta ashirin da bakwai. Huɗu muka iya kai wa ƙarshe. Biyu sun tsaya a tsakiya. Sauran ashirin da ɗaya suna kawai muka sani, waƙoƙin cikinsu kuwa ko ɗaya ba mu tsira da ita ba.