Ranar da Tanti ta kai dambu taron masu labarin jiki

A Maraɗi aka haife ni siririya, kuma gidanmu ba su taɓa yafe mini wannan laifi ba. Duk baƙuwar da ta shigo, kafin ta gama gaisuwa sai ta kama damtsena tana juyawa kamar mai tayin akuya, ta tambayi innata ko ana ba ni abinci. Innata kuwa ta ɗauki ramata a matsayin zagi ga tukunyarta. Ta ɗura mini fura da nono, ta ɗura kunun gyaɗa, ta sayo wasu ƙwayoyi a kasuwa da aka ce suna buɗe ciki. Barci kawai suka sa ni, na riƙa gyangyaɗi a lakwal har malam ya maida ni bencin baya. Haka na gama karatu kamar sillen kara, na samu gurbin ci gaba a jami'ar Lyon.

Abin da ya gagari innata shekara da shekaru, burodi da cuku da sanyin Lyon suka gama shi kafin in gama sabawa da garin. Na cika, na yi kumatu, wandunana suka daina wuce cinya. Da ciwon baya ya dame ni na je wajen lokotoro, wata mace da ka gan ta ka san ganyen salati ne abincinta. Ta ɗora ni bisa sikeli, ta yi fuska irin ta masu ta'aziyya, sannan ta ce na yi nauyi, in rage ci, in riƙa tafiya da ƙafa. Da maraicen ranar innata ta kira ni ta bidiyo. Tana ganina ta rangaɗa guɗa, ta kirawo maƙwabta, ta sa na aje talho bisa tebur na juya don su ga baya. Ta ce Alhamdu lillahi, ƙasar annasara ta karɓe ni.

A unguwar La Guillotière akwai wata Hajiya mai kanti inda nake sayen kuka da daddawa. Kusa da buhunan gero tana da kanta guda cike da man ƙara haske, da man ƙara ƙugu, da shayin rage tumbi. Ita ta fi kowa adalci, don ta raba ni kashi-kashi: ƙuguna ya yi, tumbina yana son gyara, fatata kuwa sai an dage. Kowa yana da ra'ayi a kan jikin nan, ni da nake ɗauke da shi kullum ce kaɗai ba a tambaya.

Idan na samu hutu nakan hau jirgin ƙasa in tafi gidan baffana a Saint-Denis. Matarsa, wadda muke ce wa Tanti, ta daɗe tana aiki a kicin ɗin wata makarantar yara. Ɗiyarsu ta fari, wadda nake kira ƙanwata, a nan aka haife ta. Gashinta a aske yake, riguna manya na maza take sawa, Hausarta kuma rabi Faransanci ce. Tanti ba ta gajiya da nuna mata hotunan samari 'yan gida masu digiri, ita kuma ba ta gajiya da cewa tana da jarrabawa.

Wata rana muna fere dankali ni da ita, ta gaya mini cewa tun tana ƙarama, idan aka ce mata "ke" sai ta ji kamar an sa mata takalmin wani, kuma "kai" ɗin ma bai zauna mata daidai ba. Na ce ai Hausa ba ta bar mata ƙofa ta uku ba, ko kyanwa za ka kora sai ka zaɓa, sai dai in riƙa ce mata "ku" kamar surukata. Ta yi dariya har ta ƙware. Ta ce in bar shi a "ke", daga bakina ba ya yi mata zafi.

Ita ce ta ja ni zuwa taron. Ta ce ranar Lahadi da rana wasu mutane suna haɗuwa a wani ɗaki bayan wani gidan shan kofi kusa da Barbès, kowa ya tashi ya ba da labarin jikinsa. Za ta yi magana karon farko, tana so in tsaya mata, kuma ta riga ta ba da sunana cikin masu magana. Mai shirya taron, wata ba'annasara mai taushin murya, ta kira ni a talho. Da ta ji daga Nijar nake kuma ina ɗaura kallabi, sai na ji muryarta ta cika da murna. Ta tambaye ni a hankali ko tilasta mini lulluɓi aka yi, ko gudowa na yi daga gida. Na ce a'a, babana ne ya raka ni har filin jirgi yana ta yi mini addu'a, matsalata ita ce da na rame, yanzu na yi ƙiba. Na ji tausayinta, don na san ta so in zo mata da wahala mai kyau. Ta ce ba komai, wannan ma labari ne.

Da safiyar Lahadin Tanti ta ji muna zancen taro. A wajenta taro guda ne a duniya, na 'yan makaranta 'yan gida, kuma ba a zuwa taro hannu sake. Kafin mu farga ta turara dambu da zogale, ta cika kula, ta sha leshinta na biki. Na fara ƙirƙiro ƙarya, na ce ɗakin ƙarami ne, na ce Faransanci za a yi ta yi. Ƙanwata ta dube ni ta ce in bar ta ta zo, ita ta gaji.

Haka muka cusa kanmu cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na sha uku, ni da kular dambu a ƙirji, wani dogon mutum da jakarsa a kuncina. Muka sauya jirgi, muka fito Barbès, muka ratsa masu sayar da talho da masu tallar riguna ƙarƙashin gadar jirgi. Ɗakin cike yake da kujerun roba da mutanen da suka yi shirin tausayawa tun daga gida. Tanti ta gaida kowa, ta zauna a layin gaba, ta aje kular tsakanin ƙafafunta.

Wadda ta fara tashi wata tsohuwar ba'annasara ce mai furfura. Ta ce sai da ta haura sittin, bayan rasuwar mijinta, ta san cewa mace ma tana jin daɗin kwanciya. Ba ta tsaya nan ba. Ta yi bayani dalla-dalla, har da kwatance da hannu. Na sunkuyar da kai ina roƙon Allah ya ɗauke wa Tanti Faransancinta na ɗan lokaci. Da na saci kallonta sai na ga tana gyaɗa kai kamar mai sauraron wa'azi. Bayan tsohuwar wani mutum ya ɗaga rigarsa ya nuna tabon aikin da aka yi masa a ciki, aka tafa wa tabon.

Da aka kira ni na tashi. Na ba su labarin fura da ƙwayoyin kasuwa, da sikelin lokotoro, da guɗar innata. Inda na sa ran za a yi dariya sai aka yi ajiyar zuciya, mai shirya taron ta dafe ƙirji. Na ƙare da cewa na karɓi jikina, na sayi wanduna daidai jikina na yanzu, na daina ajiye na da ina jiran ranar da zan koma cikinsu. Suka tafa kamar na ƙwato 'yancin wata ƙasa. Ni kaina na yi mamakin yadda na ji sanyi a raina, don ban taɓa faɗin haka da ƙarfi ba ko a ɗakina.

Sai ƙanwata ta tashi. Ba ta dubi kowa ba, bango ta kafa wa ido. Da Faransanci ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta faɗi ranar da ƙirjinta ya fara fitowa mamanta ta kai ta kasuwa cikin murna ta saya mata rigar nono, ita kuma ta shige banɗaki ta yi kuka. Ta faɗi yadda take tsoron Salla saboda ɗinki da ɗaurin kallabi da hoto. Ta faɗi abin da ta gaya mini muna fere dankali. Ta ce ba ta ƙi iyayenta ba, ba ta ƙi addininta ba, tana salla, tana azumi, ta dai gaji da yin kamar wata. Wannan karon ba a yi saurin tafi ba. Tanti tana ta murza marfin kula da babban yatsa, ba ta ɗaga kai ba.

Da aka tashi, Tanti ta buɗe kular ta fara zuba wa mutane dambu a farantan takarda. Mai shirya taron ta zo ta riƙe hannunta da hannu biyu, idonta cike da hawaye, ta ce mata ita uwa ce mai ƙarfin hali. Tanti ta dube ta ta tambaye ta ko tana cin yaji. Tsohuwar mai furfura sai da ta nemi ƙari.

A metro na komawa Tanti ta fara da tsohuwar. Ta ce ita tausayi ta ba ta.

"Mace ta kai sittin ba ta san wannan ba, kuma ana tafa mata? Ba ta da gwaggo ne? Mu kafin a kai mu ɗaki an zaunar da mu an gaya mana komai, har da abin sha da na turare. Mijin da ya yi lalaci kuwa ƙararsa ake kaiwa."

Na ce ban taɓa jin wannan a gida ba. Ta ce ai ban yi aure ba, in na yi zan ji har in gaji. Daga nan ta dawo kaina, ta ce wane irin rashin ta ido ne zan tsaya gaban annasaru in ce uwata ta saya mini magani a kasuwa, sai su zaci ba mu da farmasi. Game da ɗiyarta ba ta ce uffan ba. Ƙanwata tana tsaye bakin ƙofa tana kallon duhun rami har muka iso.

Baffana ya tafi masallaci, gidan ba kowa. Tanti ta tuɓe mayafi, ta shiga kicin da leshinta, ta fara wanke kular. Ta wanke ta ta ɗauraye, ta sake sa mata sabulu. Muna tsaye bakin ƙofa kamar masu jiran hukunci. Ba ta juyo ba ta yi magana.

"Me ya sa sai a gaban baƙi? Ni ba ni da kunne ne?"

"Kina da shi, Mama. Amma duk lokacin da na fara sai ki kunna injin markaɗe."

Na ciji leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini, domin gaskiya ne, na sha gani. Tanti ta rufe famfo. Ta ce ita ba ta gane wannan magana ba, kuma kada wani ya je ya ce ta yarda. Ta ce a ƙauyensu ma akwai wata mai noma da hawan doki da ba ta taɓa ɗaura zane ba, aka yi ta surutu har aka gaji, ba wanda ya kira taro. Sai ta juyo ta dubi ƙanwata.

"Amma ni na haife..." Ta tsaya, bakinta a buɗe, tana neman abin da za ta ƙarasa da shi. "Ni na haifa. Ba wanda zai gaya mini abin da na haifa a ɗakin bayan gidan kofi."

Ƙanwata ta fashe da kuka. Tanti ba ta rungume ta ba, mu ba a haka muka taso ba. Ta miƙa mata tsumma ta ce ta goge kular, kuma kada kowa ya tayar wa baffana da hawan jini yanzu, ita ta san lokacin da za ta yi masa magana.

Ba a shirya a ranar ba. Har yau suna faɗa, wani lokaci sati ya wuce ba mai ce wa wani ci kanki. Baffana ya ji daga baya, ya yi wata guda yana gaida ɗiyarsa ta bakin matarsa, sannan wata rana ya ce ta raka shi sayen taya. Ƙanwata ta kama ɗaki ita da wata ƙawarta kusa da jami'a, tana zuwa gida ran Juma'a cin tuwo. Abu guda da ya canza sarai shi ne Tanti ta daina nuna mata hotunan samari.

Hotunan ba su ɓata ba, Lyon suka nufo. Ina cikin jirgin taram zan tafi jami'a sai talho ya yi ƙara, na buɗe na ga wani injiniya ɗan Tawa tsaye gaban mota, tumbinsa ya riga shi shiga hoton. Ƙarƙashinsa Tanti ta aiko da saƙon murya. Ta gaishe ni, ta tambayi sanyi da karatu, sannan ta ce in dube shi da kyau, yaron kirki ne, yana salla a kan lokaci, kuma shi ma ya karɓi jikinsa.