Ƙofar da Ta Rufe a Kan Baba Byeon

Ok Mi-ran 'yar masunta ce daga tsibirin Geoje, amma tun tana ƙarama gabanta ke faɗuwa in ta ga teku. Da ta gama karatun injiniya sai ta kama aiki a wata ma'aikatar ƙera jiragen ruwa na yaƙi. Ita ke tsara wa na'ura abin da za ta yi idan ruwa ya shigo jirgi: ta rufe ƙofofin ƙarfe da kanta, ko da mutum a ciki.

Wata rana da hantsi, an fita gwajin sabon jirgi tare da ita, sai jiniya ta tashi. Bututu ya fashe a ɗakin inji, nan take ƙofa ta rufe. A ciki kuwa akwai Byeon Tae-su, dattijon makaniken da kullum yake tura mata kimchi, wato kabeji mai tsami da yaji, a kwano yana cewa ta rame.

Muryarsa ta fito ta rediyo: "Mi-ran, ke kika kulle ni? Don na ce ba ki iya miya ba?"

"Baba, ina ruwan ya kai?"

"Gwiwa. Ga sanyin bala'i."

Ta kai hannu kan maɓallin buɗewa. Kyaftin ya ce, "Kul! In kika buɗe, ruwan zai kai ɗakin wutar lantarki, dukkanmu mu halaka."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta toshe bututun da na'ura daga inda take, ta kunna famfunan zuƙe ruwa, ta ƙura wa allo ido. Ruwan bai fasa hawa ba.

"Ya kai ƙirji, 'yar nan," in ji Byeon, babu sauran wasa a muryarsa. Sai rediyon ya ɗauke.

Ta yi ta kiran sunansa, shiru. Can dai ruwan ya tsaya, ya fara ja da baya. Da ƙofar ta buɗe, sojoji suka tarar da shi maƙale da tsani, leɓunansa sun yi shuɗi, yana numfashi da ƙyar.

Byeon ya warke, ya ajiye aiki, bai taɓa ganin laifinta ba. Mi-ran ta bi tsarinta daki-daki, ba ta sami abin gyarawa ba. Har yanzu tana fita gwaji. Sai dai kafin jirgi ya tashi takan sauka ɗakin inji ta ga waɗanda aka tura can, kuma abinci ba ya shiga bakinta sai an dawo gaɓa.