Yarinyar Bakin Kogi

Shekarar da na koma unguwar Mairi da zama na shiga wani ɗan zauren marubuta waƙa, yawancinsu ɗaliban jami'a. Abin da ake yayi a lokacin shi ne a ɗauko tsohuwar tatsuniya a juya ta, a ba wanda aka zalunta a ciki baki ya yi magana. Ni kuwa dama ina da wata da na daɗe ina jin haushinta.

Umma ce take yi mini ita tun muna zaune bayan Kasuwar Kwastam, inda Baba yake sayar da atamfa. Wata yarinya ce mai son ganin ƙwaf, aka hana ta zuwa bakin kogi, ta je, dodon ruwa ya ja ƙafarta, ba a ƙara ganin komai nata ba sai takalmi ɗaya. Sau nawa na yi kuka a kan takalmin nan! Sai na zauna na rubuta waƙa mai baiti goma sha biyu. A tawa, yarinyar ta fito daga ruwa ta tsaya tana tuhumar kakanni: don me duk yarinyar da ta yi tambaya sai kun kashe ta a labari? Na karanta wa 'yan zauren, aka tafa, aka sa ni cikin masu hawa dandamali ranar Asabar. Har gabatarwa na shirya, wai tatsuniya ce da muka gada kaka da kakanni.

Wata ƙawata Kanuri ce ta fara dagula mini lissafi. Ta ce ta tambayi kakarta, tsohuwar ba ta taɓa jin ta ba. Na ce ai daga Kano iyayena suka zo da ita. Don in rufe mata baki na kira yayata a waya a gabanta.

"Yaya, kin tuna yarinyar nan da dodon ruwa ya cinye?"

"Wa ya cinye? Ai kifi ya ba ta, ta kai gida har aka yi miya."

Na ce ta manta ne. Ta ce ni ce dai na manta. Muka yi ta musu kamar yara har ta kashe wayarta, ƙawar tawa tana ta ƙunshe dariya.

Ranar Juma'a da hantsi na hau keke zuwa unguwar Gomari, inda Umma take zaune a gidan Yaya. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ko gama gaisawa ba mu yi ba na zaro takarda na karanta mata waƙar duka, da irin muryar da na tanada wa dandamali. Ba ta ɗaga kai daga faranti ba.

"Su wa ne kakannin nan da kike yi wa faɗa?"

"Waɗanda suka ƙirƙiro tatsuniyar mana, Umma."

"Ni na ƙirƙiro ta."

Na ce to me ya sa a ta Yaya yarinyar ta dawo gida da kifi?

"Yayarki ko bakin rijiya ba ta leƙawa. Ke kuwa sau biyu ana kamo mini ke a ƙarƙashin gada, da damina, ruwa ya cika. Na yi duka, na yi lallashi, ba ki ji ba. To ya zan yi? Sai na kashe miki yarinya."

Wallahi kaina ya ɗaure. Wata guda ina wasa harshe a kan mutanen da can, ashe wadda nake zagi tana nan zaune a Gomari da farantin shinkafa a cinya. Na rasa ko haushi zan ji ko kunya. Har yanzu ina ganin abin da waƙar ta faɗa gaskiya ne, sai dai ban ƙara sanin wa take gaya wa ba.

Na ce, "Umma, to gobe in karanta ko in fasa?"

Ta hure ƙaiƙayi daga tafin hannunta.

"Ki karanta mana, muryarki da daɗi. Amma ki bar ta a cikin ruwan. Akwai 'ya'yan mutane a wurin."