Kawu Nomau da Kamiyo Goma da Ba Su Zo Ba

Ku da kuka san Kawu Nomau, mai shelar kasuwar Gazawa, kun san ba a kai mishi labari ya haɗiye haka nan. Sai ya karkata hula, ya kashe ido ɗaya, ya ce, "Ka gani, ko an gaya maka?" Har abin ya zame mishi suna: Ka-gani.

Ranar da matarsa Inna Hajo ta haihu, ungozoma ta fito da guɗa. "Nomau, namiji ne!"

"Kin gani, ko an gaya miki?"

"Kai, ɗan nema! Ni na yanke cibi!"

Ya fita ƙofar gida ya ce wa maƙwabta, "An ce namiji ne." Sai da aka miƙo mishi jinjirin ya ɗaga zane, sannan ya cire "an ce".

Shekarar farin nan da ta cinye mu, aka zo da labarin an yi ruwan shuka a Gangara. Mutane har sun fara kwance ɗan sauran iri. Kawu ya hau jakinsa ya tafi. Washegari sai ga shi da ƙasa ƙulle a bakin riga, ya zazzage ta gaban jama'a, ta tashi kamar toka.

"An yi ruwa," in ji shi, "amma ko kaza ba ta girgiza ba. Kowa ya maida irinsa."

Akwai kuma ɗan jaridar da ya zo daga birni da abin ɗaukar hoto. Ya sa a jawo mushen saniya bakin rijiya, ya ce Kawu ya zauna gefenta.

"Baba, cire rigar nan, ta yi kyau da yawa."

"Rigar ba ta jin yunwa, yaro, ni ke ji. Saniyar nan kuma ba nan ta mutu ba. Yunwarmu ba ta ishe ka ba, sai ka sa mata gishiri? Je ka bayan gari, mata na tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. Ɗauki wannan, in idonka zai iya."

To, yanzu ga nawa abin kunyar. Ni ban yi lakol ba, ban taɓa shiga aji ba, da guntayen jaridar da ake ƙulle ƙosai na koyi boko. Kai, na so aikin jaridar nan! Duk ranar kasuwa sai in cika takarda ɗaya da labarai, in tsaya a tasha in karanta. Amma wa zai tsaya jin wane ya mutu, wane ya yi kudu? Rannan sai na rubuta cewa kamiyo goma, manyan motocin kaya, na tafe da dawa da dusar dabbobi. Wayyo, ku ga taro! Har ɗaga ni aka yi.

Buba, wani Bafulatani mai sauran shanu huɗu, ya riga ya ɗaure kaya zai bi danginsa su ƙetare iyaka neman ciyawa. Ya ji labarina, ya kwance kaya, ya zauna jiran dusa.

Kasuwa ta zagayo, Kawu ya tare ni.

"Sani, kamiyo nawa ka ce?"

"Goma, Kawu."

"Ka gani?"

"An... an gaya mini."

"Wa?"

Ya karkata hula, ya kashe ido ɗaya.

"Ashe kai ka haife su. To, zo ka yi musu suna."

Ya rataya mini gangarsa. Na zaga kasuwa rumfa-rumfa ina kaɗawa, ina cewa, "Jama'a, babu kamiyo! Ni Sani na ƙaga!" Shi kuwa yana bayana yana ɗaga murya: "Wannan kam na gani da idona!"

Aka yi dariya, irin wadda aka daɗe ba a yi ba. Daga nan ya tasa ni gaba har rugar Buba. Shanu biyu suna kwance, ana ɗaga su da sanda suna komawa. Buba bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi, "Yaro, kamiyonka ya ci nagge biyu."

Kawu ya kwance jakinsa ya miƙa mishi igiya. "Ɗora kayanka, ka kora biyun da suka rage tun suna iya tafiya." Tun daga ranar a ƙasa yake zuwa duba labari, tsoho da shi, ciki ba komai. Ko sau ɗaya bai goranta mini ba.

Bai ga daminar da ta biyo baya ba. Da safen da ya cika, Inna Hajo ta ce, "Sani, kai za ka gaya wa gari." Na shiga ɗakin, na ɗaga mayafi, na dube shi sosai, sannan na fita. A bakin kasuwa wani tsohon mahauci, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ka gani?"

Na ce, "Na gani, Baba."

Allah ya jiƙan Kawu Nomau, ya sanyaya makwancinsa, ya nuna mishi Aljanna da idonsa, ba an ce ba. Buba kuma, duk inda yake, Allah ya sa ya yafe mini.